Agogon Miliyan Shida a Bakin Teku

Akwai wani irin hoto da kowa a cikinmu ya sani, ko da bai taɓa taka yashin teku ba. Saurayi ne tsaye a bakin ruwa, a Kwatano ko Lome ko Dakar, ba riga sai gajeren wando, raƙuman ruwa na tashi a bayansa. Ya tallabe haɓa da hannun hagu kamar mai tunanin makomar duniya, alhali so yake ka ga abin da ke ɗaure a hannun. Duk sanda irin wannan hoto ya faɗo wayar wani a fada, kafin a sauke shayi na biyu an rabu gida biyu. Wasu su ce: "Kuɗinshi ne, guminshi ne, mi ya shafe ku?" Wasu su ce wannan almubazzaranci ne da ƙaryar arziki. Na saurari ɓangarorin nan har na haddace maganganunsu, kuma babu wanda ya gamsar da ni, shi ya sa na ɗauki bik. Wanda ya ɗaura agogo mai ɗan karen tsada ya tafi bakin teku, ya yi laifi? In ya yi, wa ya yi wa?

Mu fara yi wa agogon adalci. Mutane da yawa sukan ce wauta ce a kai abu mai tsada inda gishiri da yashi za su lalata shi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin shahararrun agogunan nan don ruwa aka ƙera su. A 1926 kamfanin Rolex, wanda Hans Wilsdorf ya kafa, ya fito da wani agogo mai suna Oyster: bayansa da ɗan kan da ake murzawa a gyara lokaci duk ɗaure su ake kamar noti, ruwa ba ya samun ƙofa. A 1927 wata ƴar Ingila mai suna Mercedes Gleitze ta yi sama da awa 10 tana iyo cikin ruwan sanyin da ke tsakanin Faransa da Ingila da agogon a jikinta, ta fito yana tafiya, kamfanin kuwa ya sayi shafin farko na jarida ya yi shela. A 1953 aka yi Submariner don masu nutso, wanda a lokacin yake jure zurfin mita 100, na yanzu kuma mita 300. A 1960 ma an ɗaura wani na gwaji a jikin jirgin nutso Trieste, aka sauka da shi kusan mita 11,000 a wuri mafi zurfi na teku, ya dawo da ransa. Saboda haka in ka ɗaure kan da kyau, in zoben robar da ke ciki bai tsufa ba, in kuma ka ɗauraye shi da ruwan famfo bayan ka fito, teku ba za ta yi masa komai ba. Wanda ya kai shi bakin ruwa gidansu ya kai shi.

To amma fa a nan abin dariya yake farawa. Duk wanda ya je Fijirose a Kwatano, ko bakin ruwan Lome, ya san tekun can ba ta wasa. Ruwan yana ja, kuma ƴan garin da kansu suke gargaɗin baƙo. Mu kuwa ƴan tudu, da yawanmu iyakar iyonmu tabkin damina. Mai agogon mita 300 ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Don sanin lokaci ne? Shi ma a'a. Agogon da ba ya aiki da batir, wanda motsin hannu ke ɗaure masa zare, ko na ƙwarai ne yakan yi gaba ko baya da daƙiƙa biyu zuwa shida a yini. Tun da Seiko ya fito da agogon kwartz a ƙarshen 1969, ɗan Casio na roba da ake sayarwa a tire a bakin tasha ya fi shi faɗin gaskiya. Adam Smith ya lura da wannan hali tun 1759: ya kawo misalin mutumin da ya raina agogonsa don yana lattin minti biyu a yini, ya sayar da shi da arha, ya sayi wani mai tsada ninkin ba ninkin, amma hakan bai sa ya fi kowa cika alƙawari ba. Mun san irinsu. Za ka yi alƙawari da shi ƙarfe huɗu, ya iso bayan magariba da Suwis a hannu. Balle bakin teku, wanda shi ne wuri guda da mutum ke zuwa musamman don ya manta ƙarfe nawa.

In ba don ruwa ba, ba don lokaci ba, to don me? Ni a ganina amsar tana cikin yanayin wurin. Bakin teku yana tuɓe mutum. Motarka tana can nesa inda aka ajiye motoci. Gidanka ba ya biyo ka. Shadda da hula da takalmi an naɗe an ajiye. Darakta da ɗan dako duk ƙirji a waje, tumbi a fili, yashi a ƙafa. Wurare kaɗan ne a duniya suke daidaita mutane haka. Abu guda da ke iya tsallake wannan tuɓewa ya bi mutum har bakin ruwa shi ne agogo. Shi ne rigar da ba a cirewa. Wanda ya ɗaura shi yana cewa ne, ba tare da ya buɗe baki ba: kada tsiraicin nan ya ruɗe ku, ni ba ɗaya nake da ku ba.

Yanzu bari in koma kan abokaina masu cewa almubazzaranci. Lissafinsu gaskiya ne. Sabon Submariner na ƙarfe yana kaiwa wajen Yuro 10,000, wato kusan sefa miliyan shida da rabi. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanka a Nijar jika 42 ne a wata. Raba ka gani: kusan shekara 13 na aikin mutum guda, bai ci ba bai sha ba, shi ne ke rataye a hannun wani yana wasa da yashi. Lissafin yana tsinka zuciya. Sai dai bai amsa tambayata ba, domin kuɗin nan an riga an kashe su tun ranar saye. Ko agogon yana cikin akwati a ɗaka, shekara 13 ɗin tana nan. In laifin a farashi yake, to bakin teku bai ƙara komai ba, kuma sai mu tambayi kanmu a ina layin yake. Wayar da nake riƙe da ita albashin wata nawa ce ga mai gadin makarantarmu? Na lura layin almubazzaranci kullum yana faɗawa ne ɗan sama kaɗan da abin da mai magana yake iya saye. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, wani lokaci hassada ce take sa rawani ta hau mumbari.

Ban da haka, mu ba mutanen da suka ƙi ado ba ne. Je ka Damagaram ranar hawan Sallah ka ga abin da ake ɗora wa doki kaɗai. Dubi babbar riga mai aska takwas, wadda mai ɗinki zai yi watanni yana tsiyayar da idonsa a kanta. Dubi gezna ranar ɗaurin aure, dubi jeren ɗakin amarya. Wanda zai ce mana nuna abin hannu baƙon hali ne da Turawa suka kawo, bai san gidansu ba.

Masu cewa "kuɗinshi ne" su ma sun tsaya a rabin hanya. Kuɗinsa ne, ba musu. Amma idon da yake nema ba nasa ba ne. Abin da aka saya don a gani ba ya cika sai da mai gani, kamar yadda kiɗa ba ya cika sai da kunne. Tun da ya jawo mu cikin cinikin, muna da bakin magana.

Wani abokina ya kawo wata dabara ta raba gardama. Ya ce a duba yadda mutum yake yi da agogon. Akwai wanda in ruwa ya taso sai ya ɗaga hannu sama kamar ɗalibin da ya san amsa, yana waige-waige kada a fizge, ba ya sakewa, ba ya wasa. Wannan, in ji shi, ba shi ke da agogon ba, agogon ke da shi, an ɗauke shi gadi ba albashi. Akwai kuma wanda zai faɗa ruwa da shi, ya kwanta a yashi, ya manta yana hannunsa, shi ne mai ƴanci. Maganar ta yi mini daɗi, kuma rabinta gaskiya ne. Amma da na juya ta sai na ga na biyun zai iya fin na farko iya nuni. Thorstein Veblen, wanda ya yi rubutu kan wannan hali a Amurka a 1899, ya nuna cewa ƙololuwar nuna dukiya ba mallaka ba ce, nuna cewa asara ba ta dame ka ba ne. Mai ɗaga hannu yana cewa "ina da shi." Mai faɗawa ruwa yana cewa "in ya ɓace akwai wani." Wanne ya fi zafi a idon yarinyar da ke yawo da tiren gyaɗa tun safe? Ashe halin ko-in-kula ma ado ne, kuma ya fi tsada.

Ga inda tunanina ya tsaya. A wurinmu ado bashi ne. Duba da kyau yadda abin yake tafiya. Wanda ya saka babbar riga ya shiga taron biki ya san maroƙa za su taso masa, kuma ya san in ya fita bai saki komai ba, rigar ta zama abin zagi. Alhajin da ya gina bene a Maradi, benen nan sanarwa ce, kuma gari ya ji: da asuba zaure zai cika da masu gaisuwa, da azumi za a jira kwalin sukari, in damina ta yi nisa rumbu ya ƙare dangin ƙauye za su iso da buhu a naɗe. Tuwon girma miyarsa nama. Ba a hana ka nuna kana da shi ba, amma ranar da ka nuna, ka buɗe ƙofa ke nan. Wanda kuwa bai shirya buɗewa ba, an koya masa rufewa. Shi ya sa ake rufe kwanon ciyayya da faifai in za a ratsa unguwa. Shi ya sa in yaro ya fito ƙofar gida da tsoka a hannu uwarsa take cewa ko ya koma ciki ko ya gutsura wa ƴan'uwansa. Shi ya sa ba ka cin abinci gaban mutum ba ka ce bismilla ba, ko da kun san ba zai ci ba. Ƙa'idar guda ce: idon wanda bai da shi yana da haƙƙi. Ko ka kare shi daga gani, ko ka biya shi ladan gani.

Ba ina cewa tsarin nan aljanna ba ne. Akwai wulaƙanci a ciki, akwai zaman jiran tsammani a ƙofar wani, akwai mai kuɗin da ke sayen bakin mutane da mudun hatsi, kuma ya haifar da roƙo a inda ya kamata a ce haƙƙi ne. Mu da muke karatu muna da dalilin sukarsa. Amma ko ba komai ya sa wa girman kai haraji.

Bakin tekun wata ƙasa shi ne inda ake kauce wa harajin. Kowa baƙo ne. Mai sayar da kwakwa zai ga agogon, mai ɗaukar hoto zai gani, yaron da ke jan doki a hau a biya zai gani, kuma wallahi sun san kuɗinsa fiye da yadda kake zato, don sana'arsu ce karanta hannun mutane. Amma babu ɗayansu da ya san ƙofar gidanka. Ba wanda zai zo gaisuwa gobe. Ka karɓi kallo, ka karɓi "patron", ka karkaɗe yashi ka tafi. An ci tuwon girma, miyar kuwa ko ta kuka ba a zuba ba. In akwai laifi a cikin lamarin nan, to ni a nan nake ganinsa, ba a farashi ba: neman girman mai arziki a inda ba wanda zai iya tambayar ka nauyin mai arziki.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Za a ce: shin mutum bai cancanci wuri guda a duniya da zai huta da buƙatun mutane ba? Duk wanda yake da ɗan'uwa mai aiki a tashar jirgin ruwa, ko direban babbar mota da ke bin dogon zagayen nan ta Burkina zuwa Lome tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, ya san yadda wayarsa take. Kuɗin magani, kuɗin makaranta, suna, biki, rufin ɗaki ya faɗi. Wasu ba su taɓa cin jika goma a kansu ba tare da jin kamar sun yi sata ba. In irin wannan mutum ya saya wa kansa abu guda mai kyau, ya tafi inda ba a san shi ba don ya ji daɗinsa cikin kwanciyar rai, ni wa ne da zan hana shi? Na yarda da hutun, ɗari bisa ɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce agogon na cikin hutun. Bakin teku ya riga ya yi maka kyautar da kake nema: ya mai da kai ba kowa ba, na awa uku. Wanda ya gaji da zama alhaji, ga dama ta samu. Amma wanda ya ajiye nauyin ya riƙe kirarin, ba hutu yake nema ba, rangwame yake nema.

Akwai kuma wanda ba ruwansa da duk wannan. Agogon mahaifinsa ne, ko ya shekara ashirin a hannunsa har fatar wurin ta yi fari, yana kwana da shi yana wanka da shi. Bai ɗaura don teku ba, bai dai cire ba ne. Wannan ba da shi nake ba, kuma ba wuya a gane shi, don bai san inda zai ajiye hannu in za a ɗauki hoto ba. Gwajin da nake ba kowa ya yi wa kansa mai sauƙi ne, ba ya buƙatar malami. Agogon da ka ɗaura a bakin ruwa, za ka shiga da shi ɗakin gwaggonka a ƙauye? Na san mutanen da mota na doso gida sai su kwance shi su tura ƙasan jaka, su fito da fuskar "wallahi abubuwa sun yi wuya." A can ana nuna wa waɗanda ba su iya tambaya, a nan ana ɓoye wa waɗanda ke da ikon tambaya. Kakanninmu akasin haka suka yi: matafiyi yakan sa tsumma a hanya saboda ƴan fashi, ya adana rigarsa ta kirki sai ya iso gida.

Sai dai zamani ya zo da abin da ya dagula lissafin, wato hoto. Da, abin da ka yi a Kwatano ya tsaya Kwatano. Yanzu kafin ƙafarka ta bushe, hoton ya isa Tawa da Tasawa da Mirya. Ya shiga Facebook, ya shiga WhatsApp na dangi. Hoton yana zuwa gida, mai hoton bai zo ba. Ana ganin hannun, amma ba a iya kama shi. Kuma saƙon da yake ɗauke da shi tsoho ne. A 2009 wani mai sana'ar talla a Faransa, Jacques Séguéla, yana kare shugaba Sarkozy da ake zargi da son ƙyale-ƙyale, ya faɗa a talabijin cewa wanda ya kai shekara 50 bai da Rolex ya yi asarar rayuwarsa. Faransawa suka yi masa ca, shi ma daga baya ya yi nadamar maganar. Mu ba wanda ya faɗa mana haka da baki. Hotuna ne ke faɗa mana kullum, kuma sun rage shekarun daga 50 zuwa 25.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mafi yawan agogunan da ke cikin hotunan tsararmu ba na gaske ba ne. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Ana samun su a Dantokpa, ana samun su a kowace babbar kasuwa, kambin nan mai yatsu biyar yana walƙiya, kuɗinsu bai kai na buhun shinkafa ba. Wani zai ce to ai shi ke nan, in jabu ne ba almubazzaranci, wasa ne kawai. Ni kuwa ina ganin na jabun ya fi nauyi. Mai na gaske ya ƙi biyan bashin da yake iya biya. Mai na jabu ya sa hannu a takardar bashin da ba shi da ko dala ta biya, kuma ba shi kaɗai zai ɗauka ba. Uwarsa ta ga hoto, ta daina ɓoye wa maƙwabta cewa ɗanta ya samu, ta ci bashi da sunansa. In ya ce babu, a ce ya yi arziki ya manta da gida. Shi kuma yana can su shida a ɗaki guda, yana jiran bursu da ba ta zo ba, ko yana dako a bakin tasha. Zanen aro ba ya rufe katara, amma a hoto yana rufewa sarai, matsalar ke nan.

Na san wani yaro a unguwarmu, ba zan faɗi sunansa ba, yana aji na ƙarshe kafin brebe, kuma kansa yana ja. Wansa ya turo irin hoton nan daga bakin ruwa. Yaron ya ɗora shi a fuskar wayarsa, yana buɗe shi da yatsu biyu yana nuna wa abokai kambin. Da aka koma hutu bai koma aji ba. Ya sayar da tunkiyar da uwarsa ta ba shi kiwo, ya hau mota ya bi wan. Bayan wata bakwai wan ya dawo ganin gida shi kaɗai, ya ce ƙanen yana can yana tura baro a kasuwa, yana tara kuɗin mota. Agogon yana hannunsa, amma ya tsaya, gilashin ya yi hazo daga ciki. Ya kai wa mai gyara da ke zaune da ɗan akwatinsa a gindin bedi. Tsohon ya sa bakin wuƙa ya ɓalle bayan, abin da ba a yi wa na gaske, ya leƙa, ya ga zoben roba fari da ɗan batir ya yi tsatsa. Ya ɗago kai ya tambaye shi: "Ruwa ka shiga da shi?" Ya ce a'a, fantsama ce kawai.